Adireshin Ƙarshe da Baffa Ya Turo Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa kabarinsa ya fi gidansa na Unguwar Sarki yalwa da haske.

Ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure. Da ya daina iya tuƙi kuma ni na riƙa jan motarsa, tunda dama tuƙi ne sana'ata. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Babana yake ce mini, ko yabo zai yi ko faɗa.

Ranar da aka kai shi makwanci layin gidan ya cika har motoci suka rasa hanyar fita titi. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikata suka zo da sandunansu da tabaransu, suka ware gefe guda. Ɗaya ya ce duk shekarun da Baffa ya riƙe ofishin ajiyar fayil ba a taɓa cewa fayil ya ɓata ba. Wani ya ce a'a, an taɓa, amma Baffa ya hana kowa tashi daga aiki sai da aka gano shi ƙarƙashin tiren shayin darakta. Suka bushe da dariya, sai suka tuna inda suke, kowa ya koma kan carbinsa.

Maƙwabciyarsu mai tuyar awara a bakin layi ta tsaya a ƙofar zaure tana kuka, tana nuna wa mata wayarta. "Wa zai ƙara turo mini? Ni in ba Alhaji ne ya turo ba, ban san hanya ba." Baƙin da suka zo daga nesa suka ɗauka sadaka yake turo mata. Ba sadaka ba ce irin wadda suke nufi. Zan zo kan wannan.

Duk wanda ya tambaya me ya same shi, amsa ɗaya ake ba shi: ya sha jinya. Haka ake cewa a gidanmu. Gwaggo ce kaɗai, ƙanwarsu, da na shiga ciki in gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Babana, mazan gidan nan duk ƙofa ɗaya suke bi su fita." Ba ta ƙara ba. Ni zan ƙara, don na gaji da rufa-rufa. Ciwon dajin mafitsara ne, irin na maza. Shi ya ɗauki mahaifina. Ana jin shi ya ɗauki kakanmu, ko da yake a lokacin sammu aka ce. Ni ma kuma na fara ganin alamu a jikina. Fitsari ya matse ni, in je ya ƙi fita sai ɗis-ɗis, in dawo in zauna, ya sake kirana.

A zaman makokin nan ban san sau nawa na tashi da buta ba. Har wani cikin tsofaffin ya ce wa na kusa da shi, da babbar murya irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi, "Wannan ɗan nasu akwai riƙon alwala, ma sha Allah." Aka yi ta sa mini albarka. Na ce amin.

Tsoro nake ji. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauka jarumi ne ke rubutu. Baffa ya bar mini hanyar zuwa a gwada ni, a cikin wayata ya bar ta, kuma ranar da muke zaune a tabarmin nan ban bi ta ba. Amma sai an san waye shi kafin a gane wace irin hanya ce.

Baffa mutum ne da bai yarda da kalmar "can" ba. In ka tambaye shi gidan wani, ba zai ce maka can wajen Unguwar Kanawa ba. Zai ce ka bi ta gaban masallaci, ka bar mai faci a hagunka, ƙofa mai jan fenti, kuma ka yi sallama da ƙarfi don maigidan ba ya ji sosai. Yakan ce, "Wanda ya raka ka bakin gari ya juya, bai raka ka ba." A ofis ma haka. Ya ce kowane fayil a bangonsa ake rubuta teburin da ya kai da ranar da ya kai. In babu wannan, ko yana gabanka ɓatacce ne.

Da ya yi ritaya, autansa, wanda aikinsa gina shafukan intanet ne, yana da ɗan ofis a Kinkinau, ya saya masa babbar waya. Muka ce a hannun jikoki za ta ƙare. Ina! Wata rana cunkoso ya tare mu a titi, sai ya miƙo mini wayar ta tsakanin kujeru.

"Babana, dubi nan. Ba hoton ba, can sama. Ka ga wannan siririn layin?"

"Na gani, Baffa. Turanci ne."

"Ba Turanci ba ne, adireshi ne. Tsaya ka gani."

Ya danna wani wuri, layin ya ƙara tsawo. Ya sake dannawa, ya ƙara. Ya danna kibiyar komawa baya, ya ragu. Fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Ka gani? Na farkon nan sunan gidan ne. Bayan kowace 'yar sandar nan da ta karkace, ɗaki ne a cikin gidan. Abin da ya biyo bayan alamar tambaya kuma, shi ne abin da ka zaɓa da ka shiga: wane shafi, wace rana, me ka nema. Bangon fayil ne, Babana! Duk inda na kai yana rubutawa. In na kwafe shi na tura maka, ba bakin ƙofa za ka sauka ba. Daidai inda nake tsaye za ka tsaya."

Na ce, "Baffa, an saki hanya, ana ta yi mana oda."

Ya ce, "To ka ja mana, wa ya riƙe ka?"

Wannan ɓangaren da ke bayan alamar tambaya shi ya sa wa suna wutsiya. Har yau a gidanmu haka muke kiransa.

Daga nan ya samu aikin ritaya. Duk wanda wani shafi ya gagara a layin, wajensa yake zuwa. Mai awarar nan, 'yarta ce ta nemi makaranta, kuma sai ta intanet ake duba ko an ɗauke ta. Baffa zai sa tabarau, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya har ya kai wurin, ya kwafi adireshin ya tura mata. Sai ya bi shi da saƙon murya: "Danna shuɗin rubutun sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Kada ki taɓa komai, ki jira shi ya buɗe." Haka ya yi wa masu neman aiki, da masu duba sakamakon jarrabawa, da liman ranar da yake neman wani littafi.

Gwaggo kuwa tafsiri take saurare a waya, kullum barci ya sace ta a tsakiya. Sai Baffa ya tambaye ta abin da ta ji na ƙarshe, ya nemo wurin, ya turo mata adireshi mai minti a wutsiyarsa. Ta danna, malam ya ci gaba daga daidai ayar. Ta ce, "Yaya, wannan abu naka ya san inda na yi gyangyaɗi?" Ya ce, "Duk unguwa ta sani, minsharinki ake ji."

Ba waliyyi ba ne, kada in yi ƙarya a kan mamaci. Akwai faɗa. In ka kuskura ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka tura masa maimakon adireshi, ka shiga uku. "Hoton ƙofa ka turo mini? In shiga ta ina?" Zai iya yini a kan wannan maganar, har abinci ya huce.

Amma shi ya fara gane cewa wutsiya tana da baki. Wata rana muna hanya, wata 'yar'uwa, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta tura adireshi a guruf ɗin dangi. Ita a ganinta wani abu na girki take nuna wa mata. Ashe wutsiyar tana ɗauke da abin da ta fara nema a shafin, wata damuwa ce ta mata da take ɓoyewa. Baffa ya ce, "Babana, faka." Na faka. Ya kira ta. Nasa ɓangaren kawai na ji.

"'Yata, kina jina? Goge abin da kika tura yanzu, goge wa kowa da kowa. A'a, ba ki yi laifi ba. Ki turo mini ni kaɗai in yanke masa wutsiya, sai ki sake turawa. Ban karanta komai ba, tabarauna suna gida."

Tabaran suna kan hancinsa. Da ya kashe wayar, sai ya shiga zuba gaisuwa da addu'o'i a guruf ɗin, ɗaya bayan ɗaya, har wurin da aka goge ya nutse can sama. Ranar dangi suka ce Baffa ya fara rikicewa. Ya ji, bai musa ba.

Rigimarsa mafi girma da autansa ya yi ta, kuma a kan wannan layin ne. Wani asibiti, ba zan kama suna ba, ya ba Auta aikin gina shafin da marasa lafiya za su riƙa zaɓar sashe da ranar ganin likita. A lokacin Baffa ya fara zuwa asibitin, amma ce mana yake hawan jini ne. Sai ya gwada shafin ɗansa. Ya zaɓi sashe, ya zaɓi likita, ya zaɓi rana, sai kira ya shigo. Da ya koma, shafin ya sake lodi, komai ya goge, ya gan shi a bakin ƙofa. Ya sake. Ya danna kibiyar baya don ya gyara rana kawai, sai ta watso shi waje gaba ɗaya. Ya ce in tayar da mota, Kinkinau za mu.

Ko zama bai yi ba. "Kai, wane irin gida ka gina? Na shiga ɗaki, na shiga wani, adireshi bai motsa ba."

Auta ya ce, "Baba, irin na zamani ne. Shafi ɗaya ne, abin da ke ciki ne kawai yake canzawa, shi ya sa yake da sauri. Wayar ce ke riƙe inda ka kai a ƙwaƙwalwarta."

"In ta manta fa?"

"Sai ka sake."

"Sai in sake! Tsoho mai rawar hannu, datarsa na ƙarewa, sai ya sake. In kuma ɗansa yana Zariya yana so ya kai shi wurin ya turo masa, me zai turo? Masinjan da ya riƙe fayil a ka, ranar da bai zo aiki ba ofis ya tsaya. Rubuta a bango!"

Yaran ofis suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Auta ya daure, ya ce, "Baba, da gangan na bar shi haka. Wannan asibiti ne. In na sa sashe a adireshi, duk wanda ya ga adireshin ya san ɗakin da mutum yake zuwa. Ka yarda in ka tura wa wani ya san naka?"

Ban taɓa ganin an rufe wa Baffa baki haka ba. Ya juya ya fita, muka dawo gida. Ya ɗau lokaci ba ya amsa gaisuwar Auta sai da ka. Ni a lokacin na ɗauka girman kai ne na uba. Sai daga baya na gane yaron ya taka masa ciwo ne bai sani ba.

Baffa da kansa ya nemi sulhu. Ya kira Auta ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya ce, "Kana da gaskiya rabi, ina da rabi. Sashe da rana ka sa su a adireshi, don a iya raka mutum. Suna da sakamako ka kulle su, sai da lambar sirri. Bangon fayil kowa na gani, cikinsa ɗaure yake." Auta ya ce dama tunanin da yake yi ke nan, aikin ne da yawa. Baffa ya ce, "Da ka yi shi tun farko da ya fi sauƙi." Haka aka gyara shafin. A wannan zaman ne kuma ya faɗa wa ɗansa sunan sashen da yake zuwa.

Daga nan ciwo ya fito fili. Aka yi aiki, aka sa masa robar fitsari, jakar tana ɓoye ƙarƙashin babbar riga. Ni ke tura kekensa a barandar asibitin har ƙofar sashen. Ban iya karanta Turanci ba, amma rubutun da ke saman ƙofar nan na haddace siffarsa kamar lambar motata.

Da ya ɗan samu sauƙi, ya nace sai an kai shi Zariya ɗaurin auren jikar abokinsa. A hanyar nan asirina ya tonu. Ba mu yi nisa ba fitsari ya matse ni. Na tsaya, na ce zan duba taya. Muka ci gaba, ya sake kama ni. Na ce kamar ana ƙauri, bari in duba inji. Na ukun ina ta gumi, na rasa ƙaryar da zan yi, na matse ƙafafu ina tuƙi. Sai na ji muryarsa daga baya.

"Babana, tsaya a gaba. Zan kama ruwa."

Mutumin da ke da roba a jikinsa, wane ruwa zai kama? Na tsaya. Na taimaka masa ya fito. Ya dogara sandarsa, ya juya mini baya yana kallon gonakin masara, ni kuma na zaga bayan wata bishiya. Na daɗe. Bai waiwayo ba. Haka ya yi ta yi har muka je muka dawo, da ya ga na fara mutsu-mutsu a kujera sai ya ce zai kama ruwa. Tsakanin uba da ɗa akwai maganar da ba ta fita a baki, balle shi da yake ganin sunan mahaifinsa a kaina.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayata. Adireshi ne, dogo, da wutsiyarsa. Babu saƙon murya. Baffa bai taɓa tura adireshi babu murya ba. Na danna sau ɗaya kamar yadda ya koya mana. Shafin asibitin ya buɗe, ba a bakin ƙofa ba. Rubutun nan na saman ƙofar sashen na gani, an riga an zaɓa. An zaɓi rana. Saura maɓalli ɗaya kore a ƙasa. Na kife wayar a kan kujera kamar ta ƙona ni.

Mutane suna cewa ai gwaji ne kawai. Waɗanda ba su gani ba ke nan. Ni ina saurayi na ga mahaifina yana kama ƙarfen gado yana kiran sunan Allah don fitsari ya ƙi fita, ana ta kawo masa jiƙe-jiƙe da turare. Na ga Baffa, mutumin da ko hularsa ba ta karkacewa, ya koma sai an juya shi. Ina da 'ya'ya mata da ban aurar ba. Ina da mota da sai na zauna a cikinta ake cin abinci a gidana. In na danna koren nan, wani zai kalli takarda ya faɗa mini abin da ba ya komawa. Muddin ban danna ba, ni direba ne mai yawan shan ruwa.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Ina gyara masa matashi a asibiti, kwanciyarsa ta ƙarshe.

"Babana, ka danna?"

"Sabis ne babu kyau, Baffa."

Ya kalle ni. Idanun sun faɗa, amma nasa ne. "To. Adireshi ba ya ruɓewa. Ranar da ke jikinsa ce take wucewa." Ya huta, numfashi yana yi masa wuya. "Yayana ya tafi bai san sunan ciwonsa ba. Ni na san sunansa, a makare. Kai kuma..." Sai nas ta shigo da allura. Bai ƙarasa ba, ban kuma tambaya ba.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, na zauna cikin mota a ƙofar gidana na sake dannawa. Ya buɗe a wurin, sashen yana nan, amma koren maɓallin ya dushe, ga wani jan rubutu. Ba sai an karanta mini ba. Ranar ta wuce. Sai an zaɓi wata, ni kuwa ban san inda ake taɓawa ba, ina tsoron in taɓa wani wuri ya watso ni waje in rasa hanyar gaba ɗaya.

Wa zan kai wa? Shagon masu kwamfuta na unguwarmu duk sun san ni, kuma wutsiya tana da baki, kallo ɗaya za su yi mata su san ɗakin. Babbar 'yata ta iya, amma gara in mutu da in miƙa mata wannan. Na yi ta yawo da abin a aljihu. Ina ɗaukar fasinja ina sauke su, ina neman bayan gini.

Ranar da muka je mayar da tabarmin masallaci da aka aro, na samu Auta shi kaɗai a zauren Baffa yana naɗe su. Na taya shi. Muka gama. Na tsaya kamar wanda ya manta wani abu. Sannan na ciro wayar na miƙa masa.

Bai ma kalli shafin ba. Layin sama ya kalla, ɗan ubansa. Na ga idonsa yana bin wutsiyar har ƙarshe.

"Yaya."

"Na'am."

"Baba ne ya turo maka?"

"Kai ka gina abin, ba ka gani?"

"Tun yaushe kake jin alamun?"

"Kai likita ne? Canza mini rana kawai."

Ya zauna a kan tabarmin da muka naɗe. Ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Yaya, ba kowane ne daji ba. Likitan Baba ya ce sau da yawa kumburi ne kawai na shekaru, ana shan magani. Ko shi ne ma, in an kama shi da wuri..."

"Na ce ka canza rana."

Ya taɓa wani wuri, ya zaɓi Talata. Ina kallo lambobin da ke wutsiyar suka juya. Ban san me ya sa ba, sai na ji kamar yanzu ne aka fita da Baffa daga gidan. Abin da ya tsara da hannunsa ya canza, wannan kuma nawa ne. Auta ya miƙo mini wayar, ya ce, "Koren kai za ka danna. Ni ba zan danna maka ba." Na yi bisimilla na danna.

Ranar Talata Auta ya zo da motarsa ya ɗauke ni. Na ce ni zan tuƙa, ya ce yau a'a. Rabon da in zauna a kujerar mai zaman banza har na manta, ƙafata sai neman birki take. A barandar nan na ga dattawa a jere a benci, kowa ya sunkuyar da kai kada ya haɗa ido da wanda ya sani. Na zauna cikinsu. Likita ya yi tambayoyinsa, na amsa ina kallon ƙasa. Ya duba ni. Aka ɗebi jini. Nas ta ce in sakamako ya fito za a turo mini adireshi a waya, da lambar sirri daban.

Maiɗakina na faɗa wa a daren... a'a, da safe ne, tana dama koko. Ta ajiye ludayin ta ce, "Ka ɗauka ban sani ba? Ni ke cika butar." Ta juya ta ci gaba da damu, kafaɗunta suna rawa.

Yau da safe saƙon ya shigo. Adireshi ne gajere. Na kalle shi, na sake kallo, na bi shi harafi harafi da yatsa ko zan tsinci wani abu. Ba ya faɗin komai. An kulle cikin, kamar yadda uba da ɗa suka yi yarjejeniya. Ga lambar sirrin a saƙo na biyu.

Ban buɗe ba tukuna. Na ce sai na fara rubuta wannan, don ban san wane mutum zan zama ba bayan na buɗe. In labarin ya zo da nauyi, kaina zan koma yi wa kuka, Baffa ya bi sahun waɗanda ake cewa sun sha jinya, shi ke nan. Bai cancanci haka ba. Mutum ne da ya tsaya a bakin titin Zariya da roba a jikinsa, rana tana dukansa, yana kallon masara, don kada ɗan yayansa ya ji kunya.

Ya Allah, Ka raka shi har inda za shi, kada Ka bar shi a bakin ƙofa. Ka haɗa shi da yayansa da mahaifinsu a inda babu ciwo. Ka ba Gwaggo da iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa Ƙulhuwallahu, in da saura ya sa ni a ciki.

Auta ya ce zai zo bayan La'asar ya karanta mini. An fara kiran salla. Bari in ɗauki buta.